Daga Kano zuwa Idu da Fosta a Cikin Bututu

Takardar gayyatar ta zo da wani sharaɗi da ya raba kan ɗalibaina tun ba mu bar Kano ba. Taron na ɗaliban harhaɗa magunguna ne daga makarantu daban-daban, a Abuja za a yi shi, kuma masu shiryawa sun ce kowa ya zaɓa: ko ka bugo fostarka ka zo da ita a manna a allo, ko ka tura ta ta imel a haska ta a manyan talabijin na ɗakin taro. Ɗalibai biyu aka ba ni in raka. Namijin bai ko tsaya shawara ba, ya ce ta waya zai tura. Macen kuwa ta kafe sai ta buga tata, alhali kuɗin bugun ya ci abin da za ta ci abinci da shi na kwanaki. Na bar kowa da ra'ayinsa, don ni ma ina so in ga inda abin zai kai.

Damina ce, ga hadari kullum, sai wani mai gyaran famfo a unguwarsu ya yanko mata bututun roba, ya toshe bakinsa biyu da murfi, ya ɗaura masa igiya. Fostar girman A0 ce, wato santimita 84 da ɗan wani abu a faɗi, kusan 119 a tsawo, murabba'in mita ɗaya cif. Haka ta iso tasha da bututun a rataye a kafaɗa. Direba ya dube ta ya ce, "Hajiya, wannan kuma kaya ne ko fasinja? Don in fasinja ne sai ya biya kujera." Daga nan sunanta ya koma Mai Bututu, shi kuma yaron, da yake hannunsa ba ya rabuwa da waya, ya zama Mai Waya. Da waɗannan sunayen zan kira su.

Muna fita gari ta titin Zariya muka wuce Dangwauro, inda aka gina babbar kasuwar sarin magunguna ta Kanawa, wadda aka tilasta wa dillalan Sabon Gari komawa cikinta a 2024. Duk wanda ya san yadda ake jibge kwalayen magani a rana a tsohuwar kasuwa ya san dalilin wannan ƙaura. Na nuna musu ginin na ce, yawancin abin da za ku riƙa ba mutane nan gaba daga nan zai fito. Bayan Kura shinkafa ta rufe ido hagu da dama, hanya kuma sumul tun da aka gyara ta, don haka kowa ya shiga harkarsa. Mai Waya yana ta matsa hotuna a fostarsa, yana sauya launi, yana nuna wa Mai Bututu. Ita kuwa aikinta ya riga ya ƙare tun shekaranjiya, sai ta zauna tana bitar abin da za ta faɗa, leɓɓanta na motsi. Wannan ne bambanci na farko da na lura da shi, kuma bai shafi ido ko allo ba. Wanda ya kai aikinsa wurin mai bugu ya rufe littafi, sai ya koma koyon abin da ya rubuta. Wanda nasa ke cikin waya yana iya kwana yana kwalliya har ranar taro ta zo bai taɓa faɗin bayaninsa da baki ba.

A wani ƙauye bayan Kwanar Ɗangora muka tsaya sallah da shan ruwa. Kusa da masallacin akwai ɗan kyamis, na leƙa in sayi maganin ciwon kai. A bangon shagon, sama da kwalin sirinji, ga wata fosta da rana ta cinye launinta, tana koyar da yadda ake ba yaro kulorokwin idan zazzaɓi ya kama shi. Najeriya ta sauya manufa tun 2005, ta koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT, saboda ƙwayar cutar maleriya ta daina jin kulorokwin. Amma takardar tana nan daram, ba kwanan wata a jikinta, ba wanda ya tuna ya cire ta. Na tambayi yaron shagon ko yana aiki da ita. Ya ce, "A'a Alhaji, tun zamanin maigida take, tana dai rufe mana tsagar bango." Na kira Mai Bututu na nuna mata. Ba ta ce komai ba, amma da muka koma mota na ji tana tambayar abokin tafiyarta ko yana da biro mai kauri, tana so ta rubuta wata da shekara a ƙasan tata fostar.

Mun sauka a Kwangila, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Samaru, don ba zan wuce Zariya ban gaida tsohon malamina ba. Zariya tana da tsohon tarihi a wannan fanni. Tun a shekarun 1930 Turawa suka buɗe makarantar koyar da haɗa magani a garin, shekaru da dama kafin Sardauna ya kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma malaman harhaɗa magunguna da yawa da ke koyarwa a Kano, Sakkwato, Maiduguri da Kaduna a yau daga Samaru suka fito. Malam ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, amma kansa garau. Muka zube muka gaishe shi, aka kawo fura.

Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya yi dariya har da tari. Ya ce a zamaninsu ba bugu ba talabijin. Kwali ake saya, a buga rubutu da tafireta a ƙananan takardu, a yanka da reza, a manna da gam, a zana jadawali da rula da tawada. Idan darasin tsirrai ne, ganyen kansa ake dannewa a tsakanin jaridu har ya bushe, a ɗinke shi a jikin kwalin: sabara, marke, tafasa, darbejiya. Ya ce wa Mai Waya, "Ɗana, kai nawa ka karanta kafin ka haɗa taka?" Yaron ya lissafa masa. Malam ya ce, "To nawa ka zubar?" Yaron ya yi shiru. Malam ya ce ai nan karatun yake. Kwali ba ya ƙaruwa, dole ka zauna ka yanke hukunci kan abin da zai shiga da abin da za a bari, kuma ba ka iya barin abu da hujja sai ka fahimce shi. Ya ce shi a saninsa fosta mai yin ta take koyarwa fiye da mai kallonta.

Na daɗe ina tunanin wannan magana a hanyar Kaduna. Fosta ta kwamfuta tana da ƙofofi da yawa na guduwa daga yanke hukunci. Ana iya ƙara shafi na biyu, a saka maɓallin da za a danna wani bayani ya fito, a liƙa lambar QR, wannan ɗan murabba'in mai ɗigo-ɗigo da kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota, a ce duk mai son ƙarin bayani ya haska wayarsa. Duk waɗannan abubuwa ne masu amfani. Sai dai ɗalibin da bai gane darasinsa ba yana iya ɓuya a bayansu, ya zuba komai ya bar mai kallo da aikin tacewa.

A Kaduna muka kwana, da sassafe muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 bincike ya tsananta, kuma ba mai ganin laifin jami'an tsaro idan suka ga yarinya da dogon bututu rufaffe suka ce a buɗe. Ta cire murfin, ta zaro fostar, ta ɗan warware ta. Jami'in ya karanta kan maganar, ya ce, "Au, na maleriya ne?" Ya ƙara jan takardar da kansa don ya ga ƙasa, har na bayanmu suka fara gunaguni.

Abin da ya faru a cikin jirgi shi ne ya fi tsaya mini a duk tafiyar. Layin dogon kilomita 186 ne daga Rigasa zuwa Idu, an buɗe shi a Yulin 2016, kuma tafiyar ta wuce awa biyu, lokaci isasshe ga mutanen da ba su san juna ba su fara hira. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da Mai Bututu, da jikanta a cinya, ta ga abin da ya faru a bakin ƙofa, sai ta ce, "'Yar nan, buɗe mana mu gani mana." Aka warware fostar a kan gwiwoyi, wani ɗan kasuwa ya riƙe gefe ɗaya, ni na riƙe ɗaya.

Da Hausa da Turanci ta rubuta ta, kuma batunta ɗaya ne tak: yadda ake shan artemether da lumefantrine, haɗin da aka fi bayarwa a asibitocinmu. A tsakiya ta zana rana da wata sau uku, alamar kwana uku. Sau shida ake sha gaba ɗaya. Na farko yanzu, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma a rana ta biyu da ta uku. A gefe ga jadawalin nauyi: yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, daga 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, daga 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. A ƙasa ta sa hoton kofin madara da ƙosai, domin lumefantrine ba ya shiga jini sosai sai da abinci mai maiƙo. A wani lungu kuma ɗan hoton ganyen da aka fara samo sinadarin a jikinsa, dangin tazargade, da sunan Tu Youyou, masaniyar ƙasar Sin da aka ba kyautar Nobel a 2015 saboda wannan aiki.

Dattijuwar ba ta karatun boko, amma ta sa yatsa a kan rana da watan ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "To idan jikin ya yi sanyi a rana ta biyu fa? Ni ajiye sauran nake yi saboda gaba." Mai Bututu ta gyara zama. Ta ce, "Iya, zafin ne ya sauka, amma ƙwayoyin cutar ba su gama mutuwa ba. Waɗanda suka rage su ne masu taurin kai, in aka bar su sai su dawo." Iya ta jinjina kai, ta ce wa jikan, "Ka ji ko?" kamar shi ne mai laifin.

Sai ɗan kasuwar ya ce, "Malama, ni fa ban yarda da wannan ba. Kin ce babba huɗu zai sha. Ni wanda nake saya ƙwaya ɗaya ake sha, kuma a kwalin aka rubuta." Na ga fuskar yarinyar ta sauya. Ta dube ni, na kau da kai na kalli taga, muna wuce dazukan Rijana. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye shi ko yana tuna lambar da ke jikin kwalin. Ya laluba jakarsa, sai ga kwalin. An rubuta 80/480. Nan take ta gano: jadawalinta na ƙwaya mai ƙarfin 20/120 ne, tasa kuwa ta ninka huɗu, ɗaya tana madadin huɗu. Duk su biyun suna da gaskiya, amma fostar ba ta faɗi ƙarfin ƙwayar da manyan baƙi ba, kuma da wannan mutum ya bi ta a makance da ya sha ninki huɗu na abin da ya kamata. Ta karɓi biron nan mai kauri ta rubuta a saman jadawalin, a nan cikin jirgi, takardar na rawa a kan gwiwarta. Na koyar da wannan darasi a aji ba sau ɗaya ba, ita ma ta ci shi a jarrabawa. Ban yi zaton za ta sake mantawa da shi ba bayan wannan safiya.

Mai Waya ya so shi ma ya nuna tasa. Ya miƙa wayar, Iya ta karɓa, ta nisanta ta da ido, ta matso da ita, ta ce rubutun ƙanana ne. Ya buɗa mata da yatsu biyu, sai rabin fostar ya ɓace. Mutum ɗaya ne ke iya gani a lokaci guda, don haka hirar ba ta kama ba. Ya mayar da wayarsa aljihu yana cewa su jira sai an je inda aka tanadar mata.

Idu unguwar masana'antu ce, kuma ga mai harkar magani wuri ne mai daraja. A nan hedikwatar hukumar PCN take, mai ba masana harhaɗa magunguna lasisi da sa ido kan makarantunsu, wadda dokar 2022 ta ƙara wa iko. A nan kuma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD take, inda aka haɗa Niprisan, maganin sikila da aka samar daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari. Muka ɗauki tasi zuwa cikin gari.

Kowa ya zo da tsammanin wuta za ta ɗauke a kunyata masu talabijin. Ba ta ɗauke ba, wurin yana da sola. Ɗakin an raba shi biyu: gefe ɗaya allunan katako a jere da fostoci a manne, ɗaya gefen manyan talabijin 'yan kaɗan, kowace da jerin sunayen waɗanda za su yi amfani da ita da mintunan da aka ware wa kowa.

A nan Mai Waya ya rama. Fostarsa kan abin shaƙar masu asma ce, irin na salbutamol da ake dannawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar ba da magani ya san yawancin masu wannan abu ba su iya amfani da shi ba: wasu su fesa a baki su haɗiye, wasu su danna bayan sun gama jan numfashi. A rubuce matakan ba su da wuya. Ka girgiza, ka fitar da numfashi, ka kama bakin da leɓɓa, ka fara ja a hankali kana dannawa a lokaci guda, ka riƙe numfashin kamar daƙiƙa 10. Amma wannan "a lokaci guda" ba hoton da ke iya nuna shi. Shi kuwa ya ɗauki ƙaninsa a bidiyo yana yi daidai, sannan yana yi ba daidai ba, ya rage gudun hoton, ya sa zanen huhu a gefe yana nuna inda maganin ke tsayawa. Ɗalibai suka taru, wasu har suna kwaikwayo da murfin biro a baki. Wata malama daga wata jami'ar kudu ta ce ya tura mata, kafin a tashi bidiyon ya shiga zaurukan WhatsApp na makarantun da bai taɓa takawa ba. Takarda ba za ta taɓa yin wannan ba, kuma duk mai musun haka son zuciya ne.

Akwai kuma abin da na gani a gefen alluna da ya sa na ƙara tausaya wa masu bugu. Wani yaro ya rubuta 5.0 mg a fostarsa, injin bugu ya cinye ɗigon, daga taku biyu abin da ake gani 50 ne. Alƙalan da ke duba fostocin ba su raga masa ba, kuma sun kyauta, don ƙa'ida ce da ake koya wa ɗan aji biyu: ba a sa sifili bayan ɗigo, ba a kuma barin ɗigo tsirara ba sifili a gabansa, 5 mg ake rubutawa, 0.5 mg ake rubutawa. Da a kwamfuta ne da gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba. Wata kuma ta yi fosta kan rabon magungunan kashe ƙwayoyin cuta gida uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2017, kore, ruwan ɗorawa da ja, sai bugu ya mayar mata da ruwan ɗorawan ya kusa zama ja, alhali duk saƙon a launin yake. Mai Bututu ma ta ba ni labarin yadda ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwatuna a kwamfutar mai shagon bugu, sai da ta koma gida ta mayar da aikin PDF.

To amma da aka tafi hutun cin abinci na tsaya ina kallon ɗakin. Talabijin ɗin sun koma nuna tambarin masu ɗaukar nauyi. Fostar Mai Waya, duk da kyanta, mintunanta sun ƙare, ta shige ciki. Waɗanda suka haska lambar QR sun haska, kuma kowa ya san makomar abin da aka ajiye a waya da niyyar karantawa anjima. A gefen alluna kuwa mutane na yawo da faranti a hannu, su tsaya nan, su wuce, su dawo. Wani farfesa ya tsaya gaban fostar maleriya yana tauna nama, ya ga gyaran biron, ya tambayi dalili, Mai Bututu ta ba shi labarin ɗan kasuwa. Ta yi bayanin fostarta ga duk wanda ya tsaya, tun safe har la'asar, kuma bayanin yamma ya fi na safe gajarta da tsabta nesa ba kusa ba. Mai Waya sau ɗaya ya yi nasa.

Masu bincike sun daɗe suna gwada karatu a takarda da karatu a fuskar na'ura. A 2018 Pablo Delgado da abokan aikinsa, yawancinsu daga Jami'ar Balensiya ta Sifen, suka tattara bincike 54 da suka ƙunshi mutum sama da 170,000, suka ga takarda ta ɗan fi wajen fahimtar rubutun bayani, musamman idan lokaci ya ƙure, amma a karatun labari bambancin bai fito ba. Wannan kan karatun rubutu ne, ba a kan fosta aka yi shi ba, sai dai mai tsayawa gaban fosta ai bayani yake karantawa cikin gaggawa. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Ingila ta fara baje fostoci a Twitter tun 2015, kuma da korona ta rufe tarurruka a 2020 kowa ya bi wannan hanya ko yana so ko ba ya so. Ɗalibin da ba shi da kuɗin biza da jirgi ya samu shiga inda da ba zai shiga ba. Ni abin da ya fi burge ni shi ne shawarar Mike Morrison, wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, wanda a 2019 ya fitar da bidiyo yana cewa yawancin fostocin masana bango ne na rubutu da ba mai karantawa. Ya ce a rubuta babban sakamakon a jimla ɗaya da manyan baƙi a tsakiya, sauran bayani ya koma gefe. Maganar malamina ce ta Samaru, ta fito daga wani bakin.

Na ga masu wannan ciwo na cika fosta ba tacewa a ɓangarorin biyu. Akwai wanda ya kwashe babi guda na littafi ya zuba a A0 da rubutu kamar tururuwa, akwai wadda ta cika talabijin da hotunan Canva masu tsalle-tsalle, ka gama kallo ba ka san maganin me ake magana a kai ba. Da alƙali ya tambaye ta abin da za ta gaya wa mara lafiya, sai ta juya tana neman shafin.

Tambayar nan ita ce ta fi dacewa da wannan sana'a. Tun da aka amince da karatun PharmD na shekara shida, an ce ana son mai harhaɗa magani ya fito daga bayan kanta ya fuskanci mara lafiya. Wanda zai fuskanta kuwa irin Iya ce ta cikin jirgi, kuma abin da zai ba ta bai wuce 'yar ambulan da aka ja wa layi biyu ko uku da biro ba, da jimloli kaɗan da za ta riƙe har gida. Ɗalibin da aka tsayar yini guda gaban takarda ɗaya, kowa ya zo ya tsokale shi da tambaya, yana samun horon wannan aiki. Wanda aka ba mintuna ya danna maɓalli ya sauka, horon gabatar da jawabi ya samu, shi ma abu ne mai kyau, amma wani abu ne daban.

A hanyar dawowa ta mota muka biyo, don tikitin jirgi ya ƙare. Ba abin faɗa sai ramuka da kwana-kwanar masu aikin hanya tsakanin Abuja da Kaduna. Yaran biyu sun yi ta musu har Jere. Shi yana cewa mutanen da suka ga tasa sun ninka nata, ita tana cewa su wa ya sani a cikinsu. Daga baya na ji suna ƙulla yarjejeniya: zai ɗauki bidiyon yadda ake narka wa jariri ƙwayar maganin maleriya a cokali, ita kuma za ta taya shi matse matakan abin shaƙar su dawo hoto biyar da za a buga a manna a ɗakin masu asma.

Yanzu ana ta maganar wasu makarantu za su daina karɓar fostar takarda gaba ɗaya, wai don rage wa ɗalibai kashe kuɗi da kuma tafiya da zamani. Batun kuɗin gaskiya ne, na ga yarinyar da ta rage cin abinci don ta biya mai bugu. Amma maganinsa tsangaya ta ɗauki nauyin bugun, ko a haɗa ɗalibai huɗu a fosta ɗaya, ko a koma A1 mai rabin girma. Kuɗin talabijin ɗaya na bango zai buga fostoci da yawa. Ina roƙon shugabannin tsangayoyinmu su bar duk abin da ke motsi, irin su allurar insulin da abin shaƙa da ɗiga maganin ido, a yi shi a bidiyo a raba ta waya. Sauran a buga, a manna a barandar da ɗalibai ke jiran malami, a tsayar da mai fostar a gabanta ya amsa tambayoyi kafin a ba shi maki. A rubuta wata da shekara a ƙasan kowace, a kuma naɗa mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya zagaya farkon kowane zango ya cire waɗanda suka tsufa.